Mai Ƙasa da Mai Jama'a: Inda Ake Magana da Harshen Norwe da Malayalam

A shekarar 1953 wasu ƙwararru kan kamun kifi daga ƙasar Norwe suka sauka a ƙauyukan Neendakara da Sakthikulangara, kusa da birnin Kollam a kudu maso yammacin Indiya, domin su koya wa masunta aiki da jiragen ruwa masu inji da adana kifi cikin ƙanƙara. Wannan shi ne babban aikin tallafi na farko da gwamnatin Norwe ta ɗauka a wata ƙasa mai tasowa. Baƙin suna magana da harshen Norwe, masu masaukinsu suna magana da Malayalam, kuma babu dangin iya babu na baba tsakanin harsunan biyu. Na farko ɗan gidan harsunan arewacin Turai ne, ɗaki ɗaya da na Suwidin da na Denmak. Na biyu ya fito daga gidan harsunan kudancin Indiya, Tamil ne ɗan'uwansa na kusa. Sai dai wuraren zamansu sun yi kama ƙwarai: doguwar ƙasa siririya, teku a gaba, duwatsu a baya, da jama'ar da suka saba barin gida neman abinci. Wannan kama ce ta sa kwatanta su yake da amfani, domin tana nuna cewa amsar tambayar "a ina ake magana da harshe kaza?" ba ta ƙarewa a kan taswira. Wurin da harshe yake zaune na gaskiya shi ne ɗakunan da aka yarda ya shiga: kotu, jami'a, majalisa, asibiti, da bakin yaran da aka haifa nesa da gida. Idan aka auna da wannan mudu, harshen da ya fi ƙarancin jama'a shi ne ya fi yawan wurare.

A fara da ƙidaya, tun da ita ce mai ruɗar mutane. Jama'ar Norwe wajen miliyan 5.5 ne, akasarinsu kuma da harshen ƙasar suka tashi. Masu magana da Malayalam kuwa ƙidayar Indiya ta 2011 ta same su kusan miliyan 35, wato sun ninka na Norwe sau 6 har da ɗoriya. Amma wajen fili abin ya juya. Jihar Kerala, cibiyar Malayalam, murabba'in kilomita 38,863 ce, ba ta kai faɗin jihar Kaduna ba, alhali Norwe, ko an cire tsibiranta na nesa, ta haura kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. A Kerala mutum 860 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita a lokacin waccan ƙidaya. A Norwe ba su kai 20 ba. Harshen Norwe ya miƙe tun daga Kristiansand a kudu har Kirkenes a kan iyakar Rasha, ya tsallaka teku zuwa garin Longyearbyen na tsibiran Svalbard, inda rana take ɓuya watanni a lokacin sanyi. Malayalam kuwa a matse yake tsakanin Tekun Larabawa da tsaunukan Ghats na yamma, sai 'yan wurare a gefe: tsibiran Lakshadweep, ban da Minicoy da ke magana da harshen mutanen Maldibs, da ɗan garin Mahe da Faransa ta riƙe har 1954, da wasu gundumomin kan iyaka a jihohin Tamil Nadu da Karnataka.

Yadda aka shata iyakokin nan ma ya bambanta. A arewacin Turai iyakar siyasa ce ta yanke hukuncin sunan harshe. Manomin gabashin Norwe da maƙwabcinsa na yammacin Suwidin suna fahimtar juna ba tare da tafinta ba, wani lokaci ma fiye da yadda wannan manomi zai fahimci masuncin wani lungu na yammacin ƙasarsa. Yankunan Jamtland da Harjedalen na Norwe ne kafin 1645, Bohuslan kuma kafin 1658. Da suka koma hannun Suwidin, makaranta da coci da ofis suka juya jikokinsu, yau ba wanda yake lissafa su cikin masu harshen Norwe. A Kerala akasin haka aka yi: harshe ne ya shata iyaka. Ranar 1 ga Nuwamba 1956, lokacin da Indiya ta sake tsara jihohinta bisa harsuna, aka haɗa tsofaffin masarautun Travancore da Cochin da gundumar Malabar da yankin Kasaragod aka yi jiha ɗaya, aka kuma yanke kudancin Travancore mai yawan masu Tamil aka ba maƙwabta. Shi ya sa fadar Padmanabhapuram, tsohuwar hedikwatar sarakunan Travancore, yau tana cikin ƙasar Tamil Nadu. Ke nan Malayalam ya sami gida nasa na kansa, amma gidan ɗaki ne a cikin wani babban gida da ba shi ke riƙe da makullin ƙofar waje ba.

Wanda yake son ganin wannan bambanci da idonsa, ya ɗauki takardar kuɗi ta kowace ƙasa. A takardar kuronar Norwe sunan babban banki yana rubuce "Norges Bank" a fuska ɗaya, "Noregs Bank" a ɗaya fuskar, domin ƙasar tana da hanyoyi biyu na rubuta harshenta kuma dole a yi wa kowace adalci. Babu Turanci a jikinta. A takardar kuɗin Indiya kuwa Hindi da Turanci ne suka cinye fili. Malayalam yana baya, cikin wani ɗan akwati mai jerin harsuna 15, layi ɗaya da ƙananan haruffa masu lanƙwasa, wanda sai an matso da takardar kusa da ido ake gane shi. Harshen mutum miliyan 35 ya sami layi guda, na mutum miliyan 5 ya sami fuska biyu. Haka abin yake tafiya har sama. Alƙalin kotun ƙolin Norwe da harshen Norwe yake yanke hukunci, ɗalibin likitanci a Bergen ko Tromso da shi yake sauraron yawancin darussa kuma da shi yake rubuta bayanin majinyaci, sojan ruwa da shi yake karɓar umarni. A babbar kotun Kerala da ke Kochi, tsarin mulkin Indiya ya sa Turanci ne harshen shari'a. Likitanci da injiniyanci da Turanci ake karanta su. Wanda yake neman aiki a gwamnatin tarayya ya san Turanci ko Hindi ne za su kai shi.

Za a ce ai wannan duk aikin kuɗin man Norwe ne. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ba a gano mai a rijiyar Ekofisk ba sai 1969, alhali rigimar harshe a Norwe ta girme wannan da fiye da shekara 100. Ƙasar ta yi ƙarnuka a ƙarƙashin sarautar Denmak har 1814, kuma a mafi yawan wannan lokaci da harshen Denmak ake rubutu. Wani ɗan manomi mai suna Ivar Aasen ya zaga ƙauyuka yana tattara karin maganar talakawa, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, daga nan aka gina rubutun da yau ake kira Nynorsk. Ɗaya rubutun, Bokmal, ya samu ne ta hanyar gyara rubutun Denmak a hankali har ya dace da bakin mutanen birni. A 1878 majalisar ƙasar ta ce malami ne zai bi karin maganar yara a aji, ba yara za su bi nasa ba, a 1885 kuma ta daidaita matsayin rubutun biyu. A wancan zamani Norwe ƙasar masunta da manoma ce da 'ya'yanta ke tserewa Amurka saboda talauci. Har yau kuma ɗan majalisa yana tashi ya yi jawabi da karin ƙauyensu ba tare da jin kunya ba, wanda ya rubuta wa hukumar gwamnati da Nynorsk yana da haƙƙin a ba shi amsa da Nynorsk, duk da cewa masu amfani da wannan rubutu ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, galibi a yammacin ƙasar. Kuɗin mai ya zo ya tarar da gini, fenti kawai ya ƙara masa.

Ba kuma za a ce Malayalam harshe ne mai rauni ba. Wanda ya faɗi haka bai san Kerala ba. Kashi 94 cikin 100 na jama'ar jihar sun iya karatu da rubutu a ƙidayar 2011, babu jihar da ta kai ta a Indiya a lokacin. Jaridar Malayala Manorama da aka kafa kamfaninta a Kottayam a 1888, da Mathrubhumi da ta fara fita a Kozhikode a 1923, suna cikin jaridun da aka fi karantawa a ƙasar baki ɗaya. Marubucin farko da ya ci lambar Jnanpith, babbar lambar adabi ta Indiya, mawaƙin Malayalam ne, G. Sankara Kurup, a 1965. A 2013 gwamnatin tarayya ta sa harshen cikin jerin harsuna masu daɗaɗɗen adabi. Fina-finan Kerala sun yi suna wajen labari mai ma'ana. Harshen kuma ya haɗa addinai uku a baki ɗaya: mabiya Hindu da suka ɗan haura rabi, Musulmi da suka haura kashi ɗaya cikin huɗu, da Kiristoci masu tsohon tarihi. Musulmin Malabar, waɗanda ake kira Mappila, sun daɗe suna rubuta Malayalam da haruffan Larabci da aka ƙara wa ɗige-ɗige domin sautukan da Larabci ba shi da su, abin da duk wanda ya san ajami zai gane nan take, kuma har yanzu ana cin karo da wannan rubutu a littattafan makarantun Islamiyya na can. Matsalar Malayalam ba ta faɗi ba ce, ta rufi ce: yana ko'ina a ƙasa, amma akwai benen da idan aka hau sai a ajiye shi a bakin matakala. Da gwamnatin jihar ta ga iyaye suna tururuwa zuwa makarantun Turanci, a 2017 ta yi dokar tilasta koyar da Malayalam a dukkan makarantu har aji na 10. Harshen da sai an yi doka kafin a koyar da shi a cikin gidansa, akwai abin da yake damunsa.

Inda kwatancen ya fi daɗi shi ne a ƙasashen waje, domin nan ne kowanne ya nuna halinsa. Hijirar mutanen Norwe zuwa Amurka ta fara ne a 1825, da wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration da ya tashi daga Stavanger. Cikin shekara 100 da suka biyo baya, mutum wajen 800,000 suka bi sahu, adadi mai ban tsoro ga ƙasar da jama'arta a lokacin ba su kai miliyan 3 ba. Suka zauna a Wisconsin da Minnesota da Iowa da Dakota, suka sami gonaki a ƙarƙashin dokar rabon filaye ta 1862, suka gina coci-coci da kwalejoji, suka buga jaridu. Akwai garuruwan da mutum zai yini bai ji Turanci ba. Jaridar Decorah-Posten ta fara fita a jihar Iowa a 1874. Amma a 1918, cikin zafin yaƙin duniya na farko, gwamnan Iowa ya hana magana da kowane harshe in ba Turanci ba a bainar jama'a, har a coci da wayar tarho. Ko da ba a yi wannan ba, jikoki sun riga sun fara juya baya. A 1946 babbar cocin Lutheran ta 'yan Norwe a Amurka ta cire sunan Norwe daga sunanta, a 1972 Decorah-Posten ta rufe. Yau Amurkawa wajen miliyan 4 ne suke cewa asalinsu Norwe ne, suna bikin 17 ga Mayu, ranar ƙasa ta Norwe, da tutoci da kayan gargajiya, amma masu iya hira da harshen kakanninsu 'yan tsiraru ne, akasari tsofaffi.

Malayalam ya yi tasa hijirar ne zuwa yankin Tekun Fasha, tun daga shekarun 1970 da kuɗin mai ya buɗe gine-gine a ƙasashen Larabawa. Binciken hijira da cibiyar nazarin ci gaba ta Thiruvananthapuram ta fara a 1998 ya daɗe yana nuna cewa 'yan Kerala sama da miliyan 2 suna aiki a ƙasashen waje, mafi yawansu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Oman da Katar da Kuwait da Baharen. Alhajin da ya taɓa sayen shayi da madara a wani ɗan kanti a Makka ko Jidda, ko ɗan kasuwar da ya yi cinikin atamfa a unguwar Deira ta Dubai, da wuya bai ji Malayalam ba, ko da bai san sunansa ba: shi ne harshen nan mai sauri, mai naɗe harshe, da mai kanti yake yi da yaronsa bayan ya gama yi wa alhaji Larabcin kasuwa. Larabawa Malabari suke ce wa 'yan Kerala. Jaridun Malayalam suna da bugu na musamman da ake bugawa a Dubai da Baharen, akwai gidajen rediyo da ke watsa shiri da harshen dare da rana a Daular Larabawa, kuma jiha ɗaya tak tana da filayen jirgin sama na ƙasa da ƙasa har 4, a Thiruvananthapuram da Kochi da Kozhikode da Kannur. Hatta adabin harshen ya bi su: littafin Aadujeevitham na Benyamin, wanda ya fito a 2008, labarin wani ɗan ci-rani ne da ya ƙare da kiwon awaki a hamadar Saudiyya, kuma marubucin yana zaune a Baharen ya rubuta shi.

Me ya sa ɗaya ya mutu a waje, ɗaya yana raye? Amsar ba ta da daɗin ji. Amurka ta karɓi 'yan Norwe hannu biyu: ta ba su ƙasa, ta ba su takardar zama ɗan ƙasa, ta ba 'ya'yansu makaranta kyauta da Turanci, teku mai faɗi kuma ta raba su da gida a zamanin da wasiƙa take makonni a hanya. Karɓar ce ta cinye harshen. Ƙasashen Tekun Fasha kuwa ba sa ba baƙo zama na dindindin sai nadiran. Mutum zai yi shekara 30 yana aiki a ƙarƙashin kafili, ranar da aikin ya ƙare ya tattara ya koma. Da yawa ma iyalansu suna gida, a Malappuram ko Thrissur, can suke gina gidajen da za su tsufa a ciki. Wanda ya san ba zai zauna ba, ba ya sakin harshensa, kuma ba wanda yake roƙonsa ya sake shi. Saboda haka yawan Malayalam da ake ji a Sharja ko Maskat shaida ce ta ƙarfin alaƙa da gida, amma kuma shaida ce ta cewa ƙofar zama a rufe take.

Mai musu zai ce ko ma mene ne dalili, harshen yana can, ana jin sa, ana buga jarida da shi, don haka Dubai ta shiga taswirar Malayalam. An yarda, ta shiga, amma da fensir aka zana ta. Gwajin gaskiya shi ne yara. 'Ya'yan masu hali da suka kai iyalansu can galibi makarantun Indiya masu koyarwa da Turanci suke zuwa; da yawa suna jin Malayalam suna mayarwa, amma karanta rubutun yana ba su wuya. Su kuma iyalan ma'aikatan jinya da injiniyoyi da suka tafi Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya, inda ake ba da takardar zama ɗan ƙasa, sun hau hanyar da 'yan Norwe suka bi a Minnesota. Gwamnatin Kerala ta san da haka, shi ya sa ta kafa shirin Malayalam Mission domin koyar da 'ya'yan 'yan ci-rani a ajujuwan ƙarshen mako. Abin da ya bambanta zamanin nan da na Decorah shi ne waya da intanet da jirgin sama, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne: kaka tana iya hira da jika kullum. Amma hira da kaka ba ta taɓa riƙe harshe fiye da tsara biyu ko uku ba idan makaranta da aiki da aure duk da wani harshe ake yin su.

Wani kuma zai ce kwatancen ba adalci a cikinsa, an haɗa ƙasa mai 'yancin kanta da jiha. Gaskiya ne, kuma wannan shi ne ainihin zancen. Abin da ya raba harsunan biyu ba yawan baki ba ne, ba kuma zurfin adabi ba, iko ne. Tun 1965 gwamnatin Norwe take sayen kwafe masu yawa na sababbin littattafan adabi ta raba wa ɗakunan karatu, tun 1978 kuma hukumar NORLA take biyan masu fassara su kai littattafan ƙasar waje. Jon Fosse, wanda ya ci lambar Nobel ta adabi a 2023, da Nynorsk yake rubutu, wato da ƙaramin reshe na ƙaramin harshe. Babu marubucin Malayalam da ya taɓa cin wannan lamba, kuma wanda ya ce rashin gwanaye ne ya jawo haka ya yi son kai. Sai dai iko yana da nasa zunubin, kuma bai kamata a rufe shi ba: wannan gwamnati da ta tsare harshenta ita ce ta shafe fiye da shekara 100 tana danne harsunan Sami da Kven a makarantun arewacin ƙasar. Wani ɓangare na faɗin taswirar harshen Norwe a arewa da bulalar malami aka samo shi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa Turanci yana cin harshen Norwe ma, ta sama. Wannan haka yake. Mafi yawan binciken kimiyya a jami'o'in ƙasar da Turanci ake wallafa shi, kamfanonin mai da na jiragen ruwa da yawa da Turanci suke aiki, matasa kuma sun iya shi kamar ruwa. Damuwar ce ta sa majalisa ta yi dokar harshe da ta fara aiki a farkon 2022, wadda ta ɗora wa hukumomi nauyin kare matsayin harshen a kowane fanni. Amma a lura da bambancin matsayi: Norwe tana ƙoƙarin kada ta rasa ɗakunan da ta riga ta mallaka, Kerala tana neman shiga ɗakunan da ba ta taɓa mallaka ba, kuma makullin wasunsu yana Delhi.

Akwai ma'auni ɗaya da ya rage, wato wa ya zama dole ya koyi harshen. Baƙon da ya zo Norwe daga Folan ko Somaliya ko Siriya, idan yana son zama ɗan ƙasa, sai ya ci jarrabawar magana da harshen ƙasar. Kowace shekara harshen yana samun sababbin bakuna da doka ta kawo masa. Kerala ma yanzu tana karɓar baƙi, domin guraben leburanci da 'ya'yanta suka bari sun cika da ma'aikata daga Bengal da Assam da Odisha da Bihar, kuma hukumar yaƙi da jahilci ta jihar tana da shirin koya musu Malayalam. Da yawa suna tsintar harshen a wurin aiki da kasuwa, 'ya'yansu kuma a makarantun gwamnati. Amma babu jarrabawa, babu takardar da za a hana su idan ba su koya ba, domin su ma 'yan Indiya ne. Sau da yawa ma mai gidan ne yake koyon Hindi don ya yi magana da leburansa. Malayalam ya fi jama'a, ya fi jaridu, ya fi sauti a titunan ƙasashen waje. Harshen Norwe ya fi shi wuraren da ba a iya shiga sai da shi.